Maƙoƙo Mai Dafi: Yadda Sauyin Ƙwayar Gado Ke Haddasa Shi

Duk wanda ya saba da Birnin Zazzau, daga Ƙofar Doka har bakin kasuwa, ya taɓa ganin mai maƙoƙo. Galibin maƙoƙo kumburi ne kawai, wanda ƙarancin aidin a cikin abinci ke kawowa. Amma akwai wani iri da likitoci ke kira mai dafi, domin ba a wuya kaɗai yake tsayawa ba, har zuciya yakan taɓa.

Tayirod wata 'yar gaɓa ce a gaban maƙogwaro. Ita ke tsotse aidin daga jini, ta harhaɗa sinadarai biyu, watau T4 da T3, masu daidaita saurin aikin jiki. Ba gaban kanta take yi ba. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata gaɓa, fitiyutari, mai aiko mata da sinadarin TSH. Kowace ƙwayar halitta ta tayirod tana da makarɓa a jikinta. Idan TSH ya sauka a kan makarɓar, sai ta tayar da wani ɗan aike a cikin ƙwayar, mai suna cAMP, wanda ke ba da umarni biyu: a ƙara sinadari, a kuma hayayyafa. Da sinadarin ya wadata a jini, sai fitiyutari ta rage aike, aiki ya lafa.

Tun 1913 Henry Plummer na Asibitin Mayo a Amurka ya rarrabe wannan cuta da wadda Robert Graves ya bayyana a Dublin a 1835. Ita cutar Graves, garkuwar jiki ce ke zungurar makarɓar daga waje. Sanadin ta Plummer kuwa ya daɗe a ɓoye. A 1989 masana suka gano ƙwayar gadon makarɓar, wadda ke kan kuromosom na 14. A 1993 ƙungiyar Gilbert Vassart da Jacques Dumont a Brussels ta nuna cewa a cikin irin wannan ƙullutu, harafi ɗaya na rubutun ƙwayar gadon ya sauya.

Wannan sauyi kan sa makarɓa ta maƙale a buɗe, kamar famfon da ya ƙi rufuwa. Ko babu TSH, ɗan aike na ta kai umarni. Ƙwaya ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, kowace ɗauke da aibin uwarta, har bayan shekaru su zama ƙullutu. Fitiyutari takan janye TSH ɗungurungum, sauran tayirod mai lafiya ta kwanta, amma ƙullutun ba ya jin kira. Daga nan sai bugun zuciya, da rawar hannu, da yawan gumi, da rashin barci, da rama alhali ana cin abinci. Ga tsofaffi, zuciya na iya rikicewa ko ta gaza.

A cikin ƙullutun kaɗai sauyin yake, saboda haka ba ya yaɗuwa, ba a kuma gadonsa, ban da wasu iyalai ƙalilan da aka bayyana a 1994. Ya fi aukuwa inda aidin ya yi ƙaranci, domin a can tayirod na yawan hayayyafa, kuskure kuwa a wajen kwafe rubutun gado yake shiga. A 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishiri, wanda shi ne babban rigakafi. Sai dai mai tsohon ƙullutu, in ya samu aidin kwatsam, dafin kan tashi, kamar yadda aka gani a Zimbabwe a shekarun 1990.

Ƙwayar carbimazole tana rage dafin, amma ba ta gyara makarɓa; da an daina sha sai ciwo ya komo. Waraka tana ga fiɗa, ko aidin mai tururin nukiliya, wanda Saul Hertz ya fara ba majiyyata a 1941. Da wuya irin wannan ƙullutu ya zama daji. Don haka mai maƙoƙon da zuciyarsa ke dukan uku-uku, kada a kai shi ga wanzami. Ya nufi asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a auna jininsa.