Babi na Bakwai: Malamin Asibiti da Minti Guda na Ƙirga Numfashi

A Gidan Igwai, kamar sauran unguwannin Sakkwato, duk wanda ya sa farar riga ya rataya abin sauraren ƙirji a wuya sunansa likita. Mai kemis ma likita ne. Amma wanda talaka ya fi tararwa idan ya kai ɗansa ƙaramin asibitin unguwa shi ne ma'aikacin lafiyar al'umma, wanda ake kira CHEW, magajin disfensan zamanin En'e da ke asibitin sha-ka-tafi. A Amurka akwai masu taimaka wa likita da ke rubuta tasu jarrabawar kafin a ba su shaida. Aikinsu su yi awo, su ɗebi jini, su kimtsa majinyaci kafin likita ya shigo. Namu ya fi su nauyin kaya, domin sau tari babu wani likitan da zai shigo. Shi ne wuƙa, shi ne nama.

Hanyar zama CHEW sananniya ce, ba sai na tsaya a kanta ba. Ana neman kiredit 5 na sakandare, da Turanci da lissafi da darussan kimiyya a ciki, sannan shekara 3 a makarantar koyon aikin lafiya, irin ta Sarkin Musulmi Abdurrahman da ke Gwadabawa, kan hanyar Illela. Ƙaramin mataki, wato JCHEW, shekara 2 ne. Bayan jarrabawar makaranta sai ta ƙasa, wadda hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma, CHPRBN, ke shiryawa. Dokar soja mai lamba 61 ta 1992 ce ta kafa wannan hukuma, kuma ita ke ba da lasisi. Akwai rubutu, akwai gwaji a aikace, wanda ɗalibai ke kira furaktikal. Wanda sunansa bai shiga rajistar hukumar ba tun yana makaranta, ko karatunsa ya kai na malam, ba zai zauna jarrabawar ba. Dole ɗalibi ya bincika wannan da kansa tun shekarar farko, kada ya bari sai ana gobe.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta wannan babi.

Ɗiyar yayata ta yi wannan karatu, kuma hutunta na ƙarshe kafin jarrabawa a gidanmu ta yi shi. Ta zo da tulin tambayoyin shekarun baya, an yi musu hoto har rubutun ya dishe, tana haddar su kamar mai tilawa. Ta san sunan kowane ƙashi na tafin hannu. Wata rana da la'asar, maƙwabciyarmu ta shigo da goyonta, ɗan wata 9, yana tari kwana uku, ta ce tunda ga likita a gida a duba mata shi. Yarinya ta ɗaga rigar yaron, ta kalli agogon wayarta, kafin in gyara zama har ta gama. Ta ce mura ce, a ba shi nono da ruwa. A ƙofar gida kuwa akwai wani dattijo, tsohon malamin asibiti da ya yi ritaya, wanda kan zo mu sha iska. Ya ji komai ta zaure. Sai ya yi gyaran murya ya ce a fito masa da yaron.

"Ɗiyata, nawa kis samu?"

"Arba'in da takwas, Baba."

"Cikin minti guda?"

"Na ƙirga sha biyu cikin daƙiƙa sha biyar, sai na ninka huɗu."

"To sauran daƙiƙa arba'in da biyat ɗin, sadaka kib bayar da su?"

Ya sa uwar ta zauna ta rungume ɗanta har ya natsu, ya hana kowa taɓa shi, ya ce wa yarinya ta kafa ido wuri guda a cikin yaron, shi zai riƙe mata agogo. Minti guda yana da tsawo idan ana jiransa. Awaki suka wuce, mai ruwa ya yi kira, ita dai leɓenta na motsi. Da ya ce tsaya, ta ce 54. Ya ce ta sake. Ta sake, ta samu 53. Bai ce komai kan lambar ba, sai ya tambaye ta abin da littafi ya ce game da ɗan wata 9. Nan jikinta ya yi sanyi, domin ta sani sarai. Kafin magariba an kai yaron asibiti.

Ga ƙa'idar, kuma duk mai shirin jarrabawa ya kamata ya iya faɗinta ko daga barci aka tashe shi. Jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye a minti guda ya yi sauri, kuma ana sake ƙirgawa a tabbatar. Daga wata 2 zuwa ƙasa da wata 12, iyakar 50 ce. Daga wata 12 zuwa shekara 5, iyakar 40 ce. Masu tsara tambaya suna son yaron da ya cika wata 12 cif, domin nan ɗalibai ke zamewa su ba shi 50, alhali ya riga ya shiga rukunin 40. Yaro mai tari da saurin numfashi ana ɗaukarsa mai ciwon namoniya ne, wanda iyaye kan ce ciwon haƙarƙari ko sanyi ya kama shi.

Dalilin cika mintin kuma lissafi ne mai sauƙi. Ƙaramin yaro ba ya numfashi a jere kamar babba. Yakan yi sauri, ya ɗan dakata, ya sake ɗauka. Wanda ya ƙirga na daƙiƙa 15 ya ninka, ya ninka kuskurensa ne sau 4. Idan ya samu 12, amsa 48, lafiya lau a koma gida. Idan ya samu 13, amsa 52, namoniya. Numfashi guda tak, wanda ƙiftawar ido ke iya ɓatarwa, shi ya raba yaron da za a ba maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanda za a sallama. Haka kuma yaro mai kuka ba a ƙirga masa. Shi ya sa ƙirgar ke zuwa kafin ma'aunin zafi, kafin a danna ciki, kafin a buɗe baki. Ɗalibin da ya fara cusa wa yaro ma'aunin zafi a hammata sannan ya tuna da numfashi ya riga ya ɓata wa kansa furaktikal, kuma mai ba da maki yana tsaye yana kallo.

Mutane na raina wannan aiki saboda ba ya buƙatar na'ura, kuma raini ne na rashin sani. Wani likitan yara ɗan Ostireliya, Frank Shann, da abokan aikinsa a Goroka ta ƙasar Papuwa Niyu Gini, suna cikin waɗanda suka nuna a shekarun 1980 cewa saurin numfashi da lotsawar ƙasan ƙirji sun isa a gane yaro mai namoniya a inda babu hoton ƙirji. A kan irin wannan bincike Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina ƙa'idojinta, har suka shiga tsarin kula da cututtukan yara na bai-ɗaya da ita da UNICEF suka fito da shi a tsakiyar shekarun 1990. An ƙera ɗan ƙaramin agogo na musamman mai ƙara idan minti ya cika, don kada ma'aikaci ya raba idonsa biyu. A wasu ƙasashen Afirka ma an gwada ba masu aikin sa-kai da ba su yi boko ba wasu duwatsu a zare, suna ja ɗaya bayan ɗaya da kowane numfashi. Da na fara jin wannan dariya na yi, na ce ai mu tasbaha ta daɗe da koya mana. Tun 1707 wani likitan Ingila, John Floyer, ya wallafa littafi kan agogon da ya sa aka ƙera masa don ƙirga bugun jijiya a minti guda. Shekara fiye da 300 ke nan, amma har yau sai an yi faɗa da ɗalibi kafin ya haƙura da daƙiƙa 60.

Littafin da dattijon ya ambata shi ne wanda ɗalibai ke kira Sitandin Oda, kundin umarnin da CHEW ke bi wajen duba marar lafiya. An tsara shi bisa shekaru da irin kukan da aka zo da shi. Yana gaya maka tambayoyin da za ka yi, da abin da za ka duba, sannan abin da ka gani, hukuncin da ya hau kansa, da matakin da za ka ɗauka. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya daga 1985 zuwa 1992, shi ne jigon wannan tsari na kiwon lafiya matakin farko a Najeriya, bayan taron Alma-Ata na 1978 ya yi kira da a kai lafiya ƙofar kowa. Hikimar ita ce, tunda likitoci ba za su isa kowane ƙauye ba, a zuba tunanin likita cikin littafi a miƙa wa wanda zai je.

Nan ne kuma nake shan takaici. Akwai wata magana da ta zauna a zukatan mutane, cewa ma'aikacin da ya buɗe littafi a gaban majinyaci bai iya aiki ba. Na sha jin mata suna cewa, ai wancan sai ya duba takarda, mu tafi wurin wane, shi da ka shiga ya san ciwonka. Wanda ya san ciwonka tun kana bakin ƙofa, ka ji tsoronsa! Alƙali ma yana buɗe littafi, ba wanda ya ce ya jahilci shari'a. Abin haushin shi ne ɗalibai da kansu sun sha wannan ruwa, suna jin kunyar littafin, sai su ajiye shi su rungumi tambayoyin baya. Alhali littafin shi ne kariyar CHEW. Muddin ya bi abin da ke ciki yana kan hurumin aikinsa, ranar da ya kauce kuwa ya yi gaban kansa. Gwanintar da ake nema ita ce hannunka ya san shafin kafin idonka, ka je sashen yara, ka sami tari, ka bi layi ba tare da ka tsallake tambaya ba. Wannan ba ya samuwa sai da maimaici. Ɗalibai uku su zauna, ɗaya uwa, ɗaya ma'aikaci, ɗaya mai ba da maki da agogo a hannu, su yi ta juyawa har shafukan su yi laushi. A kuma tabbatar bugun littafin da ke hannu shi ne na yanzu, domin ana sabunta shi, kuma magunguna kan canja.

Sauran abubuwan da ke fitowa a jarrabawa, kowace makaranta na koyarwa, zan ambace su a gurguje. Zaren awon dantse na tamowa, ƙasa da santimita 11.5 ja ne. Allurar rigakafi a asibitin unguwa tana zama tsakanin digiri 2 da 8, abin da a zafin Afrilu na Sakkwato, da ke haura digiri 40, ya wuce tambayar jarrabawa ya zama yaƙin kullum. Ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, a karanta yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa, a haɗa da zinki. A awon hawan jini a bar mutum ya zauna minti 5, a saki iska a hankali, a daina mayar da kowace lamba ta ƙare da sifiri. Jadawalin rigakafi, awon ciki, lambar gidaje da taswirar unguwa, cike katin majinyaci, duk haddarsu ba ta da wuya ga wanda ya yi zaman koyon aiki da gaske bai tura wani ya sa masa hannu a littafi ba.

Abu guda ne cikinsu ba zan wuce da sauri ba, wato alamomin haɗari: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Idan aka ga ɗaya daga ciki, an gama magana. A ba shi taimakon farko da littafi ya ce, a rubuta takardar turawa, a nufi babban asibiti, ko na Ƙwararru ko na koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ɗalibai da yawa na ganin amsar "a tura shi gaba" kamar gazawa ce, sai su zaɓi amsa mai allura da ƙarin ruwa, domin ita ta yi kama da aikin likita. Jama'a ma haka suke so, wanda bai yi allura ba bai yi magani ba. Mai tsara tambaya ya san wannan rauni, shi ya sa yakan ajiye allurar a zaɓi na farko, tana sheƙi, ya ɓoye turawar a na ƙarshe.

Ɗiyar yayata ta kwashe sauran hutun nan tana bin gidajen maƙwabta da ɗan littafin rubutu. Duk goyon da ta samu yana barci ko yana shan nono, sai ta nemi izini ta durƙusa ta ƙirga, ta rubuta watanninsa da abin da ta samu. Matan layinmu suka sa mata suna Mai Agogo. Dattijon kan karɓi littafin da yamma ya duba, inda duk ya ga lambobin da ke rabuwa da huɗu sun yi yawa a jere, 36, 40, 44, 48, sai ya ɗago ya kalle ta ta saman tabarau. Takan rantse cewa ta cika mintin. Shi kuma ya ce gobe ta je da ƙanenta ya riƙe mata agogon.