Nat King Cole da Waƙoƙin Tattausar Murya

Kafin shekarar 1925, mawaƙin da ke son a ɗauki muryarsa a faifan garmaho ba shi da abin dogaro sai ƙarfin ƙirjinsa, domin na'urar ɗaukar sauti ta wancan zamani wani ƙaho ne mai faɗin baki, wanda sai an ɗaga murya ƙwarai sannan allurarsa ke iya yin tsagi a jikin kakin faifai. Da aka koma ɗaukar sauti da lantarki, makirufo ya shigo, sai ya zamana ko raɗa mutum ya yi za a ji shi, kuma daga nan aka sami sabon salon waƙa a Amurka, inda mawaƙi ke matsowa kusa da makirufo, ya sassauta murya, ya rera tamkar da mutum ɗaya yake zance. Bing Crosby ne ya ɗaukaka wannan salo a shekarun 1930, Frank Sinatra ya biyo bayansa, amma da wuya a sami wanda salon ya karɓa kamar yadda ya karɓi Nat King Cole.

An haife shi ranar 17 ga Maris, 1919, a Montgomery ta jihar Alabama, sunansa na yanka Nathaniel Adams Coles, kuma tun yana ƙarami iyayensa suka ƙaura zuwa Shikago, inda mahaifinsa ya zama limamin coci, mahaifiyarsa kuwa ta ɗora shi a kan koyon kiɗa. Da kiɗan piyano ya fara yin suna, yana bin sawun Earl Hines a fagen jaz, wato kiɗan da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro, wanda a cikinsa makaɗi ke ɗaukar sanannen karin waƙa ya riƙa juya shi yana ƙawata shi nan take, ba tare da ya rubuta abin da zai kaɗa ba. A 1937 ya kafa ƙungiyar mutum uku a Los Anjeles: shi a kan piyano, Oscar Moore a kan jita, Wesley Prince kuma a kan babban gogen nan mai kaurin sauti da ake kaɗa tsirkiyarsa da yatsu. Ba su da mai ganga, a zamanin da manyan ƙungiyoyi masu kakaki da ganguna ke tashe, kuma wannan rashi shi ya horar da shi, domin inda babu gangar da za ta rufe kuskure dole kowane sauti ya fito a muhallinsa. Waƙarsa ta daga baya duk a kan wannan horo ta ginu.

Waƙar da ta fara fito da shi ga jama'a ita ce "Straighten Up and Fly Right", wadda ya ɗauka a kamfanin Capitol a 1943, kuma tushenta wata tatsuniya ce da mahaifinsa kan kawo a cikin wa'azi, game da ungulun da ke ɗaukar dabbobi yawo a sama don ya yar da su ya cinye, har ya gamu da birin da ya fi shi wayo. A 1946 ya rera waƙar Bobby Troup a kan babbar hanya mai lamba 66, wadda ta taso daga Shikago zuwa Los Anjeles. A shekarar ce kuma ya ɗauki "The Christmas Song" ta Mel Tormé da Robert Wells har sau biyu, na farko da abokansa kawai, na biyu da ƙarin masu goge irin na Turai, kuma ɗauka ta biyun ce ta karɓu, ta nuna masa hanyar da zai bi.

Daga nan manyan waƙoƙin suka riƙa zuwa a jere. "Nature Boy" ta 1948, wadda wani mai gudun duniya da ake kira eden ahbez ya rubuta, ta yi mako takwas a saman jadawalin mujallar Billboard, duk da cewa karinta mai sanyaya jiki bai yi kama da na waƙoƙin rawa na lokacin ba. "Mona Lisa" ta 1950, wadda Jay Livingston da Ray Evans suka rubuta domin wani fim, tana kwatanta wata mata da zanen Leonardo da Vinci, kuma ta ci kyautar Oscar ta waƙar fim. A 1951 "Too Young" da "Unforgettable" suka biyo baya, ta biyun da tsarin kiɗan Nelson Riddle, wanda ya san yadda ake shimfiɗa goge a ƙarƙashin murya ba tare da ya danne ta ba.

Abin da ya raba shi da sauran yana ga yadda yake riƙe kalma. Yawancin waɗannan waƙoƙi ba su wuce kimanin minti uku ba, gwargwadon abin da fuska ɗaya ta faifan wancan lokaci ke ɗauka, kuma da yawansu a kan tsari ɗaya aka gina su: a rera kari, a maimaita shi, a kawo wani dabam da ake kira gada, sannan a koma na farko. A cikin wannan ƙunci, Cole yakan furta kowane baƙi har na ƙarshen kalma, yakan ɗan jinkirta kaɗan a bayan bugun kiɗa sannan ya cim masa daidai inda jimla ta ƙare, kuma ba ya jan wasali don nuna gwaninta. Idan yana zaune a piyano yakan karkato jikinsa ya fuskanci masu kallo, hannuwansa na aiki a gefe ba tare da ya dube su ba. Masu sharhin jaz da dama sun zarge shi da barin kiɗan gaske don neman kasuwa, amma zargin bai yi masa adalci ba, domin lissafin lokacin da ke cikin "Unforgettable" na makaɗin jaz ne tsantsa, kuma faifansa "After Midnight", wanda ya ɗauka a 1956 da ƙaramar ƙungiya, ya nuna cewa hannunsa bai mutu ba.

Muryar da ta shiga gidajen fararen fata ta rediyo ba ta buɗe wa mai ita ƙofofin unguwarsu ba. Lokacin da ya sayi gida a Hancock Park ta Los Anjeles a 1948, maƙwabta sun yi ƙoƙarin hana shi zama, shi kuwa ya ƙi tashi. Ranar 10 ga Afrilu, 1956, wasu masu aƙidar fifikon farar fata suka far masa a kan dandamali a Birmingham, a jihar da aka haife shi. A watan Nuwamban shekarar ya fara shirinsa na mako-mako a talabijin ta NBC, manyan taurari suka yi ta zuwa don mara masa baya, amma babu wani babban kamfani da ya yarda ya ɗauki nauyin shirin a faɗin ƙasa, saboda tsoron fushin masu saye a jihohin kudu, don haka shirin ya tsaya a Disamban 1957. Wannan abin takaici ne da ke nuna iyakar abin da farin jini ke iya saya wa baƙar fata a Amurkar wancan zamani.

Bai daina neman sababbin masu sauraro ba. A 1958 ya fitar da faifai da harshen Sifaniyanci, wanda ba ya ji, ya haddace lafazin gaɓa bayan gaɓa, kuma ya sami karɓuwa ƙwarai a ƙasashen Latin Amurka. "Ramblin' Rose" ta 1962 da "L-O-V-E" ta 1964 suna cikin na ƙarshe da suka yi tashe. Ya daɗe yana shan taba, kuma sankarar huhu ce ta zama ajalinsa ranar 15 ga Fabrairu, 1965, a Santa Monica, yana da shekara 45. A 1991 'yarsa Natalie Cole ta haɗa muryarta da tasa ta tsohon faifai suka rera "Unforgettable" tare, kuma wannan ɗauka ta ci kyautar Grammy ta faifan shekara a 1992.