Yamai: Kafin ka sayi babban jirgin ruwa na hannu, tambayi kogin Isa

A ƙarshen mako, iyalai na cika bakin kogin Isa a Yamai, suna hayar kwale-kwale mai inji domin shan iska ƙarƙashin gadar Kennedy, ko tafiya wajen Boubon kallon dorina. Wannan ya sa wasu masu hali, har da ƴan ci-rani, ke tunanin sayen babban jirgi na hannu da zai ɗauki iyali duka.

Sai dai girma ba shi ne komai ba. Kogin na cika a watan Agusta da Satumba, ya sake tumbatsa wajen Janairu idan ruwan Gine ya iso. Amma daga Afrilu zuwa Yuni yana janyewa sosai, yashi da duwatsu su fito. A lokacin, jirgi mai nauyi na iya kafewa, farfelarsa ta karye, alhali kwale-kwalen Sarkawa na wucewa lafiya.

Sai batun inji. Jirgin da ya yi aiki a teku, kamar na Kwatano ko Lome, gishiri kan ci injinsa daga ciki ko da fentinsa na ƙyalli. Ya kamata makanike ya tada shi cikin ruwa, a duba tsaga a gindin jirgin, a tabbatar ana samun kayan gyaransa a Yamai.

Kowane jirgi yana da iyakar mutanen da zai ɗauka. Kada a wuce ta, kuma kowane yaro ya samu rigar ruwa daidai jikinsa kafin a tashi.