Ƙwayar Cutar Ƙyanda da Ciwon Daji: Abin da Likitoci Suka Gano

Jama'a, labari na yawo cewa ƙyanda tana maganin ciwon daji. Maganar tana da tushe, sai dai an yanke mata kai da ƙafa.

A shekarar 1971 likitoci a Uganda suka ba da rahoton wani yaro mai ciwon daji wanda kumburinsa ya saɓe bayan ya kamu da ƙyanda. Irin wannan ne ya sa masana suka fara bincike. Sun gano cewa raunanniyar ƙwayar ƙyanda da ake yin allurar rigakafi da ita tana shiga ƙwayoyin daji ta wata ƙofa da ake kira CD46, wadda ta fi yawa a jikinsu fiye da lafiyayyun ƙwayoyin jiki. Idan ta shiga sai ta hayayyafa, ta manne su wuri guda har su mutu, garkuwar jiki kuma ta farga ta kawo ɗauki.

A 2014 asibitin Mayo na Amurka, ƙarƙashin Dakta Stephen Russell, ya bayyana sakamakon mata biyu masu ciwon daji na ɓargo waɗanda sauran magunguna suka gaza a kansu. An ɗura wa kowacce, ta jijiya, ƙwayar da aka sarrafa a ɗakin bincike, adadin da ya isa rigakafin mutum miliyan 10. Ɗaya ta sami sauƙi ƙwarai, ɗayar kuwa sauƙinta bai ɗore ba. Gwaji ne, har yanzu bai zama magani a asibitoci ba. Duk wanda ya tallata muku shi a kasuwa, kuɗinku yake nema.

Ƙyandar da yaro ke ɗaukowa a unguwa daban ce. Tana kawo ciwon huhu, zawo da makanta, tana kuma kisa. Mai ciwon daji, musamman wanda ke karɓar magani, garkuwarsa ta raunana, don haka kada a kusantar da shi ga mai ƙyanda ko kaɗan.

Ku kai yaro rigakafi idan ya cika wata 9, ku koma don allura ta biyu. Masu fatauci tsakanin Maraɗi da Katsina, ku riƙa tafiya da katin yaro, domin ma'aikatan lafiya na kowane ɓangare su ga abin da ya rage masa. Kumburin da ya ƙi saɓewa, a mama ko a wuya, a kai shi asibiti tun yana ƙarami.