Abin da Ke Shanye Wutar Batirin Mota Alhali Tana Ajiye

Mafi yawan masu motoci da suka wayi gari motarsu ta ƙi tashi sukan ɗora laifin a kan batir, su garzaya kasuwa su sayi sabo, sai bayan 'yan makonni sabon ma ya bi sahun tsohon, domin ba a gano inda wutar take zurarewa ba. Matsalar takan fito ne daga ɗayan wurare uku: batirin kansa, ko altaneta, wato na'urar da ke mayar wa batir caji yayin da inji ke aiki, ko kuma wani abu da ke jan wuta bayan an zare makulli.

Batirin ƙaramar mota yana da ɗakuna 6 da ke ɗauke da farantai na dalma a cikin ruwan asid, kuma idan yana cike ya huta na wasu sa'o'i, mitar awon lantarki za ta nuna kimanin bolt 12.6, bolt kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin turin wuta. Idan awon ya sauka zuwa 12.2, kusan rabin cajin ya tafi. Zafin bazara irin na Sakkwato ko Maiduguri, inda yakan haura digiri 40, yana ƙafar da ruwan batir ya kuma cinye farantan, kuma duk batirin da aka bari ya daɗe ba caji, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantansa har ya daina riƙe wuta ko da an kwana ana yi masa caji. Haka nan datti mai danshi a saman batir da tsatsar da ke taruwa a kawunansa suna rage masa ƙarfi.

Gwajin altaneta ba shi da wuya, domin idan inji yana aiki ya kamata mitar ta nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.7. Al'adar nan ta wasu makanikai ta cire kan batir inji yana aiki don a ga ko motar za ta mutu ganganci ce, saboda wutar takan yi tsalle ta ƙone kwamfutar motar, wadda kuɗinta ya ninka na batir.

Abu na uku shi ne ya fi wahalar da masu gyaran wayarin, wato satar wuta. Kowace mota ta zamani tana jan wuta 'yar kaɗan tana ajiye domin agogo da ƙwaƙwalwar rediyo da na'urar tsaro, amma bai kamata ta wuce kimanin miliamfa 50 ba, miliamfa kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na amfa, ma'aunin yawan wutar da ke gudana. Ƙaramin ƙwan cikin but mai wat 5 da ya ƙi mutuwa yana jan kusan amfa 0.4, wanda cikin kwana 3 zai shanye rabin batir mai ɗaukar amfa 60 na sa'a guda. Sau da yawa kuma ɓarawon yakan zama abin da aka ƙara wa motar daga baya, kamar tiraka, wato na'urar bin sawun mota, ko sabuwar rediyo ko manyan lasifiku da aka jona kai tsaye da batir.

Ana gano shi ne ta hanyar kashe komai, a cire wayar kan batir mai alamar ragi, a sa mitar tsakanin wayar da kan batirin bayan an saita ta a kan amfa 10, sannan a jira minti 30 zuwa 45 har kwamfutocin motar su yi barci. Ba a tayar da inji a wannan hali, domin mitar za ta ƙone. Daga nan sai a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda aka zare awon ya faɗi, layinsa ne ke da matsalar. Idan an zare su duka wutar ba ta daina zurarewa ba, sai a tuhumi altaneta, domin idan diyod ɗinta ya lalace, wato ƙofar da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya tak, cajin yakan koma baya motar tana ajiye.

Batir yana fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta, don haka wajibi ne a nesanta taba da ashana daga wurin, kuma kada mai mota ya biya kuɗin sabon batir sai an yi waɗannan gwaje-gwaje uku a gabansa.