Masu Tsaron Filin Jama'a a Ƙasar Gobir: Hurumi, Gayya da Aikin Sa-kai

1. Gabatarwa

A manyan biranen duniya akwai wata al'ada ta kafa ƙungiyoyin sa-kai domin kula da wuraren shan iska na jama'a. A Ingila an kafa ƙungiyar kare filayen kowa da kowa tun 1865, sa'ad da masu gine-gine suka tasam ma cinye filayen kewayen Landan. A Amurka kuwa, bayan da babban lambun nan na Central Park a birnin New York ya lalace, sai waɗansu mutanen gari suka kafa ƙungiya a 1980, suka tara kuɗi, suka yi aiki da hannunsu, har ya farfaɗo. Aikin irin waɗannan ƙungiyoyi iri biyu ne: gyaran wurin, da kuma yin magana da yawunsa a gaban hukuma.

Wanda ya je Tozai a ƙasar Isa, ko kuwa ƙauyukan Sabon Birni, yana neman lambu mai shinge da kujeru, zai komo ya ce babu. Amma fa filin jama'a yana nan, sunansa ne dabam, masu tsaronsa kuma sun daɗe. Nufinmu a wannan takarda mu bayyana yadda a ke tsaronsa a da, da abin da ya raunana tsaron, da kuma sharaɗin da zai sa aikin sa-kai ya yi ƙarko a kansa.

2. Ire-iren filin jama'a

Na farko shi ne dandali, inda yara da samari da 'yan mata su ke wasa da dare, a yi dambe da kokawa da kaka. Na biyu filin idi da maƙabarta. Na uku hurumi, watau ƙasar da a ke keɓewa a bakin gari, ba a noma ta, domin awaki da jakuna su sami wurin kiwo da damina, garin kuma ya sami inda zai faɗaɗa. Na huɗu makiyaya da mashaya, da labi ko burtali, hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki. Na biyar daji, inda a ke samun itacen wuta da kaba da zuma da magani.

Duk waɗannan abu ɗaya ya haɗa su: kowa na da hakkin amfani, ba wanda ke da hakkin mallaka. Shari'a ma ta san wannan. Malaman fiƙihu suna kiransa hima, suna kafa hujja da cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe wurin da a ke kira Naƙi'u kusa da Madina domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Sabo da haka manomin da ya ture iyaka ya shiga hurumi ya saɓa wa al'ada, ya kuma saɓa wa shari'a.

3. Yadda a ke tsaro a da

Abin da ya kamata mai nazari ya lura da shi shi ne, kowane fili yana da wanda za a tambaya in ya ɓaci. Dandali na hannun Sarkin Samari. Labi da mashaya na hannun Sarkin Fulani ko arɗo, tare da dagaci. Tabki da gulbi na hannun Sarkin Ruwa, shi ke faɗin ranar su. Maƙabarta da filin idi na hannun liman da dattawan unguwa. Ba ɗayansu da ke karɓar albashi a kan wannan. Ladansu girma ne da jin magana.

In aiki ya taso, sai a kira gayya. A yi shela, makaɗi ya fito, samari su zo da fartanya da gatari, mata su kawo fura. Haka a ke share filin idi kafin salla, a yashe rijiya, a yi wa maƙabarta shinge. Wanda ya ƙi fita ba a kai shi gaban alƙali, amma ran da jinkarsa ta bukaci ɗauka zai ga hannu ɗaya ba ya ɗaukarta. Ashe gayya rance ce da a ke biya da ƙarfi, wannan kuwa shi ne sirrin ɗorewarta.

Daji mai nisa da gari shi ne ba shi da irin wannan gata. Dajin Gundumi, wanda ke yamma da Isa ta wajen hanyar Sakkwato, ya yi suna wajen haɗari tun zamanin yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808. Baturen nan Clapperton ya ratsa shi a 1824 da rakiyar mayaƙan da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aiko masa, Barth kuma ya ratsa shi a 1853 cikin gaggawa da ƙishirwa. Darasin a fili ya ke: filin da ba mai zirga-zirga a cikinsa da sunan hakki, mai ɓarna ne ke gaje shi.

4. Abin da ya raunana tsaron

Da zuwan Turawa aka shigo da dokar gandun daji, aka sa malaman daji na En'e. An tsare itatuwa da yawa ta wannan hanya, gaskiya ne, amma talaka ya fara ganin daji kayan hukuma ne, malamin daji kuma mai cin tara. A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, sai dai kaɗan ne daga cikin wuraren aka tabbatar da iyakokinsu a rubuce. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, ikon sarakuna da hakimai ya ragu. A 1978 dokar amfani da ƙasa ta sa ƙasa duka a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izni a karkara.

Ta haka iko ya tashi daga hannun wanda ke kwana kusa da fili, ya koma ofishin da ke nesa. Ana cikin haka jama'a ta yawaita, farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 suka kashe dabbobi da itatuwa, gona ta yi ta cin hurumi taki ɗaya taki ɗaya, labi ya ƙuntata har saniya ba ta wucewa sai ta taɓa shuka. Rigimar manomi da makiyayi tana da dalilai da yawa, amma toshewar labi da mashaya na cikin manyansu.

Sauran labarin sananne ne ga mutanen wannan yanki. Dazuzzukan gabashin Sakkwato suka zama mafakar 'yan bindiga. A watan Mayu 2020 an kashe mutane fiye da saba'in a ƙauyukan Sabon Birni cikin hari guda, dubbai kuma suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi. Har kalmar sa-kai kanta ta sauya ma'ana: in an ce 'yan sa-kai a nan, masu ɗaukar makami a ke nufi, waɗanda Gwamnatin Sakkwato ta haramta a 2021. Wajibi ne malaman Hausa su tuna wa ɗalibai cewa asalin kalmar ya fi wannan faɗi.

5. Darasi daga ƙetaren iyaka

Ba sai mun je Turai neman misali ba. Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi 'yan'uwan mutanen Sabon Birni ne, harshe ɗaya, ƙasa iri ɗaya. A can ma dokar Faransa ta 1935 ta mai da itatuwa kayan hukuma, manomi ya riƙa tumɓuke tsiro tun yana ƙarami don kada ya girma ya jawo masa tara. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki suna da rai, in aka rage tohonsu aka bar mai ƙarfi ɗaya ko biyu, sai su koma itace cikin 'yan shekaru. Manoma suka karɓi dabarar, suna kiranta sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an rayar da wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200, gawo da kalgo da sabara da aduwa da sauransu.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne tsaron. A ƙauyen Ɗan Saga na ƙasar Agye, jama'a suka kafa kwamitin sa ido, suka sa mata da makiyaya a ciki, suka yi wa kansu dokokin sara da tara. Hukuma kuma ta sassauta: dokar karkara ta 1993, da dokar daji ta 2004, da dokar 2020 wadda ta tabbatar wa manomi hakkinsa a kan itacen da ya raya. Wannan ya dace da abin da Elinor Ostrom ta nuna a littafinta na 1990, cewa dukiyar tarayya tana ɗorewa in iyakarta sananniya ce, masu amfani da ita su ne masu yin dokarta, masu sa ido kuma daga cikinsu su ke.

6. Abin da ya rage

Hausawa sun ce sa-kai ya fi bauta ciwo. Mai aikin sa-kai yakan jure wahalar da bawa ba zai jure ba, amma sai in ya san amfanin zai komo gidansa. Jihar Sakkwato na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015. Dashe ba wuya. Wuyar ita ce wanda zai ba da ruwa da rani, ya kori akuya, ya kuma tsaya gaban shugaban ƙaramar hukuma ran da aka zo yanka filin a sayar.

Don haka ƙungiyar da za ta yi amfani a Tozai da makwabtanta ita ce wadda ta haɗa manomi da makiyayi da mata masu ɗebo itace, ta sami yardar hakimi da takardar ƙaramar hukuma, ta kuma rubuta iyakokin filayenta. Ba za ta maye gurbin jami'an tsaro ba, aikinta na bayan ƙura ta lafa ne, amma shirinsa tun yanzu ya kamata a fara.

A nan malaman kwalejojin horon malamai suna da rabo. Dattawan da suka san inda labi ya bi, da inda hurumi ya tsaya, da tsamiyar da ke alamar iyaka, suna ƙarewa, da yawansu kuma suna gudun hijira a Isa da Sakkwato da Gidan Runji. Ɗalibi ɗaya da littafin rubutu zai iya ɗaukar wannan sani daga bakin kakansa cikin hutu guda. Ran da mutane suka koma garuruwansu, wannan rubutu shi ne zai zama shaida in gardamar iyaka ta tashi. Allah ya kawo mana zaman lafiya, amin.