Yadda filta ke mayar da hoton fure zane, da abin da take sharewa

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega a ƙarshen damina ya ratsa ta Tambuwal, ko ya gangara fadamun Kebbe, ba zai rasa furen ɗauka a hoto ba: na kuɓewa mai ruwan ɗorawa da jar zuciya, na tumfafiya a bakin hanya, da bado a kan tafki. Matashi mai waya na iya mayar da kowannensu tamkar zanen hannu cikin daƙiƙu, ya ɗora a Facebook.

Hoton waya tarin ɗigo-ɗigon launi ne, kuma kowane ɗigo na iya ɗaukar ɗaya daga cikin launuka sama da miliyan 16. Filta ta gargajiya aiki uku take yi. Tana laluben wuraren da launi ya sauya farat ɗaya, kamar inda gefen fure ya haɗu da ganye, ta ja baƙin layi a wurin. Sai ta rage launukan zuwa 'yan kaɗan, ta kuma goge ƙananan tabo domin fuskar hoton ta yi sumul. Shi ya sa fure ya fi kasuwa ko taron jama'a karɓar wannan kwalliya, domin gefensa a fili yake, launinsa kuma ba ya da yawa.

A 2015 wasu masana a Jami'ar Tubingen da ke Jamus suka nuna cewa kwamfuta na iya ɗauko salon wani zane ta lulluɓa wa hoto. Manhajar Prisma, wadda ta fito daga Rasha a 2016, ita ta kai dabarar hannun kowa. A Maris ɗin 2025 kuma ChatGPT ya cika intanet da hotuna masu kama da zanen kamfanin Ghibli na Japan. Wannan na baya-bayan nan ba gyara yake yi ba, sabon hoto yake ƙirƙirowa, har ya kan ƙara ganye ko ya sauya siffar furen.

A nan ne abin ya shafi manomi. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yana da fure mai ɗaukar ido, amma shi ne ke maƙalewa a saiwar dawa da gero yana tsotse su. Tushe ɗaya na zubar da dubban iri, irin kuma yana iya shekara goma a ƙasa bai mutu ba. Idan aka tura wa malamin gona hoton da aka tace, tabon cuta da ramin tsutsa da ɗorawar ganye, wato ainihin abin da yake nema, su ne filta ta fara sharewa.

Haka lamarin yake ga masu bibiyar ayyukan mazaɓar Kebbe da Tambuwal, wadda Aminu Waziri Tambuwal ya wakilta a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2015. Filtar da ke goge tabon fure ita ce ke goge tsagewar bangon aji da tsatsar famfo. Hoton asali ya kan ɗauki ranar da aka ɗauke shi, wani lokaci har da wurin. Wanda aka tace sau da yawa ya kan rasa wannan bayani, kuma da wuya ya tsaya a matsayin hujja, ko na masu yabo ne ko na masu suka.

Akwai kuma batun inda hoton ke zuwa. Manhajoji da dama sai sun aika shi ga kwamfutocin kamfaninsu a ƙetare kafin su sarrafa. Fure ba shi da sirri, amma fuskar yarinyar da ke riƙe da shi tana ƙarƙashin dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023. Kafin a taɓa filta, a ajiye asalin hoton daban. Idan za a aika shi ta WhatsApp a matsayin hujja, a tura shi a fayil, domin turawar da aka saba tana matse hoton ta cire bayanansa.